Ware wa motar jama'a hanyarta: abin da za mu koya daga Legas

Da wuya a sami gida a ƙauyukanmu da ba shi da wani nasa a birni. Wasu sun tafi karatu, wasu aikin gadi ko gini, wasu kuma sun bi motar tumatir da albasa zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas suka zauna can. Idan sun zo gida ƙarshen shekara, bayan kuɗin hayar ɗaki, babu abin da suke kuka da shi kamar kuɗin mota da wahalar hanya. Mutum zai tashi tun ƙarfe huɗu na asuba domin ya isa wurin aiki ƙarfe takwas, ya dawo gida yara sun yi barci, ga kuma kashi mai tsoka na albashinsa ya tafi a kan titi. Abin da zai aiko gida ya ragu ke nan.

A wannan fitowa za mu duba yadda Legas, birni mafi yawan jama'a a Nijeriya, take kokawa da wannan matsala. Akwai abin da ta yi daidai, akwai kuma inda ta yi tuntuɓe. Duka biyun suna da amfani a gare mu, domin garuruwan da ke kusa da mu su ma girma suke yi.

Yadda cunkoso yake samo asali

A shekarar 1950 mutanen Legas ba su wuce kimanin 300,000 ba. Yau sun haura miliyan 15, gwamnatin jihar ma tana cewa sun fi miliyan 20. Manyan ofisoshi da bankuna da tsofaffin kasuwanni suna kan tsibiri, amma talakawa ba sa iya biyan haya a can. Suna kwana a wurare masu nisa kamar Ikorodu da Agege da Abule Egba, su tsallaka ruwa da safe su dawo da yamma. Manyan gadoji uku ne suka haɗa tsibirin Legas da sauran gari, wato Carter da Eko da Third Mainland. Ta ukun, wadda aka buɗe a 1990, ta kusa kilomita 12 a tsawo, amma duk da haka cika take yi safe da yamma.

Shekara da shekaru, abin da ya ɗauki nauyin jama'a shi ne ƙananan motocin bas masu launin rawaya da ake kira danfo, da manyan tsofaffin motoci da ake kira molue, da kuma 'yan acaɓa. Yana da kyau mu fahimci yadda direban danfo yake aiki. Yawanci motar ba tasa ba ce. Kowace rana akwai balas da zai kai wa mai mota, akwai kuɗin da zai biya 'yan kamasho a tasha, akwai man fetur, akwai yaron mota. Abin da ya saura bayan wannan duka shi ne nasa. Saboda haka ba ya tashi sai mota ta cika, yana tsere da 'yan'uwansa a kan fasinja, yana tsayawa a tsakiyar titi duk inda aka ɗaga masa hannu, kuma idan aka yi ruwan sama ya ninka kuɗin mota. Mutane sukan zagi direbobi, amma tsarin ne ya tilasta musu haka. Duk wanda aka sa a wannan kujera da wannan lissafi, haka zai yi tuƙi.

Abubuwan da aka gwada tun farko

A ƙarshen shekarun 1970 gwamnati ta kafa doka cewa motocin da lambarsu ta fara da mara su shiga wasu manyan tituna a wasu ranaku, masu cika kuma a wasu ranakun. Masu kuɗi sai suka sayi mota ta biyu mai ɗaya lambar. Cunkoso ya koma yadda yake.

An kuma gina sababbin tituna da gadojin sama. Wannan yakan kawo sauƙi na ɗan lokaci. Da zarar hanya ta yi kyau, wanda ya ajiye motarsa a gida zai fito da ita, wanda ba shi da ita zai yi tunanin saye, a kuma gina sababbin unguwanni a bakin hanyar. Bayan 'yan shekaru sai ta sake cika. Birane da yawa a duniya sun ga haka.

Gwamna Lateef Jakande ya fara shirin jirgin ƙasa na cikin gari a 1983, amma gwamnatin soja ta soke shi a 1985. Legas ta yi jiran kusan shekara 40 kafin ta hau irin wannan jirgi.

Wani lissafi mai sauƙi

A ce mutum 70 suna so su je kasuwa ɗaya a lokaci ɗaya.

• Idan kowa ya hau acaɓa, babura 70 ne a kan titi.
• Idan suka shiga ƙananan motoci bibbiyu, motoci 35 ne.
• Idan suka shiga danfo mai cin mutum 14, motoci 5 ne.
• Babbar motar bas guda za ta iya kwashe su duka, wasu a zaune wasu a tsaye.

Motoci 35 a jere za su cika titi mai tsawon fili biyu na ƙwallon ƙafa ko kusa da haka. Motar bas guda kuwa ba ta wuce mita 12 ba. Man da za a ƙona da hayaƙin da za a shaƙa su ma haka suke raguwa.

Sai dai akwai cikas. Idan motar bas ta shiga cunkoso ɗaya da ƙananan motoci, ita ma tsayawa za ta yi, kuma babu mai mota da zai bar sanyin motarsa ya je ya tsaya a cikin zafi alhali lokaci ɗaya za su isa. Mutum 70 suna jiran mutum guda ya gama juya motarsa. Maganin da aka samo shi ne a ware wa motar jama'a layinta a kan titi, wanda babu mai shiga sai ita.

Inda dabarar ta fito

Birnin Kuritiba na ƙasar Burazil ne ya fara wannan tsari a 1974, a zamanin magajin gari Jaime Lerner. Ba su da kuɗin haƙa hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa, sai suka sa motocin bas su riƙa aiki kamar jirgi. Birnin Bogota na Kolombiya ya ɗauki dabarar ya faɗaɗa ta a shekarar 2000. A taƙaice ana kiran tsarin BRT. Ga abubuwan da suka bambanta shi da motar haya da muka saba da ita:

• Layi na musamman da aka kange da dakalin siminti.
• Tashoshi sanannu. Mota ba ta tsayawa ko'ina sai a wurinsu.
• Kuɗin mota tsayayye, wanda ba ya canzawa saboda ruwan sama ko dare.
• Ana biya kafin a shiga, ko da tikiti ko da kati, domin kada a ɓata lokaci wajen neman canji.
• Mota tana tashi a kan lokaci, ko ta cika ko ba ta cika ba.
• Direba yana karɓar albashi, don haka ba shi da dalilin tsere a kan fasinja.

Yadda Legas ta yi nata

A 2002, zamanin Gwamna Bola Tinubu, jihar ta kafa hukuma guda mai suna LAMATA domin tsara sufurin birnin gaba ɗaya, da taimakon Bankin Duniya. Kafin nan ma'aikatu da hukumomi barkatai ne suke da hannu a harkar, kowa yana jan nasa ɓangare.

A watan Maris na 2008, zamanin Gwamna Babatunde Fashola, aka buɗe layin farko daga Mile 12 zuwa CMS a kan tsibiri, tafiyar kilomita 22. Ba a gina sabon titi ba. An yanki layi ɗaya daga kowane gefe na titin da yake akwai, aka kange wajen kashi biyu cikin uku na tsawonsa, sauran kuma aka shata da fenti ko aka bar shi a haɗe da sauran motoci. Saboda haka aikin bai yi tsada ba, kuma an gama shi cikin wata 15. Shi ne irinsa na farko a Afirka kudu da Sahara.

Babban abin tsoro shi ne ƙungiyar direbobi ta NURTW, wadda take riƙe da tashoshin mota. Da an zo da baƙon kamfani an kore su daga hanyar da suke ci, da rikici ya tashi. Hukumar ta zauna da shugabanninsu, ta kai wasunsu Kudancin Amurka suka gani da idonsu, sannan ta taimaka musu suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa. Bankin Ecobank ya ba su rancen sayen motoci 100, suka zama su ne masu tafiyar da sabon layin. Sun biya bashin cikin ƙasa da shekara biyu.

A shekarun farko layin yana ɗaukar fasinja kusan 200,000 a rana. Binciken da aka yi a lokacin ya nuna kuɗin mota ya ragu da kimanin kashi 30 cikin 100 ga masu bin hanyar, lokacin tafiya kuma ya ragu da kimanin kashi 40. Ga mai sayar da kaya a kasuwar Balogun, wannan yana nufin ƙarin barci da safe da ƙarin canji a aljihu da yamma.

Inda aka sami tangarɗa

Buɗe aiki daban, riƙe shi daban. Bayan 'yan shekaru motocin farko suka fara lalacewa, domin ana aiki da su ba hutu kuma ba a ware isasshen kuɗin gyara da na sayen sababbi ba. Motoci suka yi ƙaranci, layin fasinja ya yi tsawo a tashoshi. A 2015 aka miƙa hanyar zuwa Ikorodu, aka kuma kawo kamfanin Primero da sababbin motoci sama da 400, daga baya aka karɓe aikin daga hannun ƙungiyar haɗin gwiwar. A 2020 aka buɗe layi na biyu daga Oshodi zuwa Abule Egba.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga duk wanda ya taɓa ganin rijiyar burtsatse ko injin niƙa na ƙungiya ya tsaya saboda ba a tara kuɗin gyara ba. Kuɗin da fasinja ke biya dole ya ishi mai da albashi da gyara da kuma sayen sabuwar mota idan ta tsufa. Idan kuma aka ɗaga shi sosai, talaka zai koma tafiya da ƙafa. Shi ya sa a yawancin biranen duniya gwamnati takan cike giɓin daga kuɗin haraji.

Wata matsalar ita ce masu shiga layin ba bisa ƙa'ida ba, har da manyan mutane da masu kayan sarki. Layin da kowa ke shiga ya daina zama na musamman. Doka sai da mai tsaron ta.

Har yanzu kuma danfo ne yake ɗaukar mafi yawan mutanen Legas, domin layukan BRT kaɗan ne a birni mai wannan girma.

Jirgin ƙasa da na ruwa

A watan Satumba na 2023 jirgin ƙasa mai aiki da lantarki ya fara ɗaukar fasinja daga Marina zuwa Mile 2, tafiyar kilomita 13. Ana kiransa shuɗin layi. An shafe fiye da shekara 10 ana gina wannan yanki. A 2024 aka buɗe jan layi daga Agbado zuwa Oyingbo, kilomita 27, wanda yake bin hanyar dogon da ta tafi Ibadan. Jirgi yana kwasar mutane fiye da kowace mota, amma idan muka kwatanta wata 15 da shekara 10 za mu gane dalilin da ya sa birane marasa ƙarfi suke fara wa da motar bas.

Legas gari ne na ruwa, don haka akwai jiragen fito daga wurare kamar Ikorodu zuwa tsibiri. Hukuma tana tilasta sa rigar kariya saboda haɗurran da aka sha yi. Akwai kuma kati guda mai suna Cowry, wanda mutum zai zuba kuɗi a ciki ya biya motar BRT da jirgin ƙasa da jiragen ruwa na gwamnati. Wannan yana da muhimmanci, domin fasinja ba ruwansa da sunan kamfani, burinsa ya tashi daga ƙofar gida ya isa inda za shi.

Batun 'yan acaɓa

Nan ne labarin ya fi taɓa mu. Yawancin 'yan acaɓan Legas samari ne da suka zo daga wasu jihohi, da yawa daga Arewa, wasu bayan rikici ya raba su da gonakinsu. A watan Fabrairu na 2020 gwamnatin Babajide Sanwo-Olu ta hana acaɓa da keke napep a wasu sassan birnin. A ranar 1 ga Yuni 2022 ta sake hana acaɓa gaba ɗaya a ƙananan hukumomi shida, har da Ikeja da Apapa da Surulere, daga baya ta ƙara wasu. An kama babura masu yawa an murƙushe su. Dalilin gwamnati shi ne haɗurra da fashi, kuma gaskiya ne cewa asibitocin ƙashi sun sha karɓar waɗanda babur ya karya. An yi irin wannan hani a tsakiyar Abuja a 2006 da kuma Kano a 2013.

To amma acaɓa ya yaɗu ne saboda akwai buƙatar da babu mai biyan ta. Babbar mota tana bin babban titi, mutum kuwa yana zaune a lungu mai nisan kilomita biyu ko uku daga tasha. Da aka hana acaɓa a 2020, dubban mutane sun yi ta takawa da ƙafa a rana. A 2021 jihar ta fito da ƙananan motoci domin shiga unguwanni, amma ba su kai yawan baburan da aka kora ba. Samarin da suka rasa abin yi kuwa, wasu sun koma bayan gari, wasu sun dawo gida hannu wofi, wasu da bashin babur a kansu.

An jawo direbobin bas cikin sabon tsari a 2008, aka zauna lafiya. Ba a yi wa 'yan acaɓa irin wannan tanadi ba. Duk matashin da yake shirin cin bashi ya sayi babur domin zuwa birni, ya fara bincika dokar garin tukuna.

Me ake nufi da sufuri mai ɗorewa?

Ana iya auna kowane tsari da tambayoyi huɗu.

Shin talaka zai iya biya? Da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Gwamnatin Legas ta rage rabin kuɗin motocinta na wasu watanni a 2023. Ta iya yin haka ne domin akwai tsari da kati a hannunta. Inda babu tsari, babu ta inda taimako zai bi ya kai ga fasinja.

Shin yana kare lafiya? Wani bincike na Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska ta jawo mutuwar mutum kimanin 11,200 a Legas a 2018, fiye da rabinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma hayaƙin ababen hawa yana kan gaba cikin dalilan. Masu talla a bakin titi da yaran da ke goye a bayansu su ne suka fi shaƙa. Shi ya sa ake komawa ga motoci masu aiki da iskar gas ko lantarki. Birnin Dakar na Senegal ya buɗe layin BRT mai motocin lantarki zalla a 2024.

Shin kowa zai iya shiga? A tuna da mai juna biyu, da tsoho, da gurgu mai keke, da makaho, da 'yar kasuwa mai kwandon kaya. Tasha mai doguwar matakala ko marar fitila da dare ta riga ta ware su.

Shin zai kai shekara 20? Wannan ya dogara ga kuɗin gyara, da kuma ko sabuwar gwamnati za ta ci gaba da abin da ta gada.

Abin da za mu iya yi tun yanzu

Mararaba da Nyanya a bakin Abuja, da Bukuru a gefen Jos, da unguwannin kudancin Kaduna, duk ƙananan wurare ne a da. Birni ya zo ya same su. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ga wasu matakai da ba sa buƙatar kuɗi mai yawa:

• Idan ana yanka filaye, masu unguwa da masu gonaki su bar hanya mai faɗi tun kafin a yi gini. Rushe gida daga baya yana jawo tsada da gaba.
• A ware wurin tasha da wurin sauke kaya a gefen kasuwa, kada su ci titi.
• A bar gefen hanya ga masu tafiya da ƙafa da masu keke, a dasa itatuwa domin inuwa. Su ne suka fi yawa, su ne kuma aka fi mantawa da su.
• Manoma su haɗa kayansu a mota guda ranar kasuwa maimakon kowa ya ɗauki shata shi kaɗai.
• Ƙungiyar da ta sayi mota ko keke napep ta buɗe asusun gyara dabam tun ranar farko, kada a taɓa shi domin wata hidima.
• Idan ƙaramar hukuma ko jiha ta zo da shirin hanya, a je taron, a tafi da mata da naƙasassu da direbobi, a tambayi inda mai ƙafa zai tsallaka da kuma wanda zai riƙa gyara.

Tambayoyi domin tattaunawa a ƙungiya

1. Nawa ne kuɗin mota daga garinku zuwa asibiti mafi kusa? Kwana nawa mutum zai yi aiki kafin ya samu wannan kuɗi?
2. Su wane ne a cikinku suka fi shan wahalar tafiya, kuma an taɓa tambayar ra'ayinsu?
3. Matasa nawa ne daga garinku suke acaɓa ko tuƙin keke a birni? Wace sana'a za su kama idan aka hana?
4. Akwai wani kayan ƙungiya da ya lalace saboda rashin kuɗin gyara? Me za ku yi dabam idan kuka sami wani?
5. Idan garinku ya ninka sau uku nan da shekara 20, ina hanya da tasha za su kasance? Ku zana taswirar a ƙasa ko a takarda, ku kai wa mai unguwa da kansila su gani.